Darakta da Rigar Sanyin Zuma

Wata huɗu da rasuwar maigidana, ƙaninsa ya shigo mini da rana tsaka, waya a hannu, ya zauna a kujerar da ba wanda ke zama a kanta, ya ce ya gama tsara komai.

"Tsara me?" na ce.

"Zumar Yaya. Nan da shekara biyu akwati ɗari biyu. Nan da uku kuwa, jirgin sama ne zai riƙa ɗaukar mana kaya."

Darakta ake ce masa a layinmu, kodayake bai taɓa riƙe ofis ba. Ya samo sunan tun lokacin da ya buɗe kamfanin kiwon zomo. Sai da ya buga kati mai ruwan zinare sannan ya sayo zomayen, da aka duba kuma duka biyun maza ne. Bayan zomo ya yi kifi a bahon wanka, bayan kifi ya yi sabulun da ba ya kumfa. Amma shi ne ya zauna da yayansa a asibiti har ranar ƙarshe, shi ke juya shi, shi ke goge masa baki. Shi ya sa ba na iya yi masa tsawa.

"Darakta, akwati ɗaya ne ya rage."

"Matar Yaya, kowane babban kamfani da ɗaya ya fara. Ke dai ba ni makullin sama."

Marigayi kafinta ne. Shekara ashirin da biyu yana kiwon zuma a saman benen da muke haya, cikin akwatunan da ya ƙera da hannunsa. Uku ne da, biyu suka watse lokacin jinya. Ni aikina a wurin riƙe gwangwanin hayaƙi, in busa idan ya ce busa, in bari idan ya ce bari. Mako uku kafin ya yi kwanciyar da bai tashi ba, ya ce in raka shi sama. Ya nemo sarauniyar, wato uwar da ke yi musu ƙwai, wadda in babu ita amya ta mutu. Na kife ta da kofin gilashi, ya ɗiga mata shuɗin fenti a gadon baya da tsinken ashana don a riƙa gane ta. Hannunsa na rawa, sai ɗigon ya fito a karkace, da ɗan wutsiya. Aikin ƙarshe ke nan da ya yi da hannunsa. Tun da aka binne shi ban sake hawa ba. Ko kukansu na jiyo, sai in ja taga in rufe.

"Ka san kiwon zuma kuwa?" na tambaye shi.

"Bidiyo ɗari da sha huɗu na kalla. Yaya, Allah ya jiƙansa, lalube ya yi ta yi cikin duhu. Ba shi da data."

Na ba shi makullin.

Masu kiwon zuma na garin suna da wani zaure a waya, marigayi ma yana ciki da 'yar wayarsa mai tsagaggen gilashi. Wata tsohuwar malamar makaranta ce ke riƙe da shi, kowa Malama yake ce mata. A nan suke tambayar juna abin da ya shige musu duhu, a nan suke aron injin tatsa. Suna kuma da taswira. Idan taron zuma ya sauka a gidan wani ko shagonsa, sai a danna wurin, wayar mai zumar da ya fi kusa ta yi ƙara, ya zo ya kwashe. A ranar Darakta ya shiga zauren ya sa kansa a taswira. Inda aka ce shekara nawa ka yi kana kiwo, ya rubuta ashirin da biyu.

"Waɗannan ai na yayanka ne," na ce.

"Gado ne, matar Yaya. Jini ɗaya muke."

Ranar da zai fara hawa na miƙa masa hular raga da doguwar rigar marigayi. Ya ture su da bayan hannu.

"Kayan matsorata. Mutumin da nake kallo da singileti yake shiga cikinsu. Zuma warin tsoro take ji."

"Tana jin na turare ma. Yayanka ko sabulu mai ƙamshi ba ya taɓawa ranar buɗe akwati."

Ya yi wanka da turare ne saboda zai ɗauki kansa bidiyo, kamar ana jin ƙamshi ta waya. Ya ce wannan tsohon yayi ne, ya haye yana fito.

A ƙasan benenmu akwai shagon Tela. Tela ya rantse bai gama ɗinka aljihu ɗaya ba ya ji ana saukowa. Matakalarmu ashirin da ɗaya ce, ya ce sau huɗu kacal ya ji ƙafa ta taɓa ƙasa.

Washegari Darakta ya zo ya zauna a bencin Tela da baƙin tabarau, kumatu sun ture tabaran sun kai goshi. Mai askin da ke can ƙarshen layi ya baro shagonsa musamman don ya gani.

"Darakta, an fara fitar da kaya waje ke nan," in ji Tela. "Na ga fuskar ce ta fara yin gaba."

"Rigakafi ne. Da gangan na tsaya. Duk ƙwararre sai ya karɓi harbi goma sha biyu a makon farko, jiki ya saba."

"Kai nawa ka karɓa?"

"Sha tara."

"To ka tsallake aji," in ji Mai aski. "Ka leƙo in gyara maka gashin baki, in na gano inda bakin yake."

Na zaci shi ke nan, za a koma neman wata sana'a. Ashe kumburin na sacewa ya sauke wata manhaja a waya, wadda aka ce tana sauraron kukan zuma ta faɗa maka lafiyarsu. Bayanin ya ce a kara wayar a jikin akwati. Darakta ya ce karawa ta 'yan koyo ce, shi ciki zai sa, sauti ya fita tas. Wannan karon ya karɓi hular raga, wai don kada raina ya ɓaci. Ya ɗaga murfi, ya zura hannu, sai guda ɗaya ta sauka a bayan hannun tana shafa fuska. Ba ta yi masa komai ba. Ya saki waya, ya saki murfi, Tela ya ce wannan karon sau uku ya ƙirga.

Kwana biyu wayar tana cikin akwati. Duk wanda ya kira, sai kiɗa ya tashi a saman bene, zuma su ɗau ruri kamar injin niƙa. Matarsa ita ta fi kowa kira, don ya ɓoye mata, ya ce wayar tana wajen gyara. Da ta gaji ta zo da kanta, ta tsaya a ƙofar Tela ta sake kira, sai ta jiyo kiɗan wayar mijinta yana saukowa daga sama.

"Wa ke riƙe da wayarsa a can?"

"Ma'aikatansa," in ji Tela, bai ko ɗago daga keke ba. "Mata ne zalla, sun kai dubu talatin. Suna taro, ba sa ɗauka."

Sai da na fito na yi mata bayani ta ajiye takalmin da ta cire.

A rana ta uku maƙwabta suka fara kawo ƙara, an harbi mai shanya, an harbi mai gyaran eriya. Babu yadda zan yi. Da gari ya waye na ɗauki gwangwanin hayaƙi da ɗayan makullin na hau. Ƙafafuna sun san hanyar fiye da ni. Tabarmar da marigayi ya kafa musu don inuwa tana nan, kwanon ruwansu mai tsakuwa a ciki ya bushe, na cika shi. Na busa hayaƙi, na jira kamar yadda yake jira, na buɗe. Sun liƙe wayar da danƙo ta ko'ina, sun mayar da ita bango. Ina ɓamɓaro ta da wuƙa sai ga sarauniyar nan tana tafiya a kan saƙar zuma, a hankali, sauran suna ba ta hanya, da ɗigonta mai wutsiya. Na rufe da sauri na sauko.

Na miƙa wa Darakta wayarsa tana danƙo.

"Ka yi mini rantsuwa ba za ka sake buɗe akwatin nan ba."

"Na rantse, matar Yaya. Dama matakin buɗewa ya wuce. Yanzu kulawar zamani za a shiga, daga nesa."

Da na san abin da nesa ke nufi a wurinsa, da na karɓe makullin a nan take.

Manhajar nan tana da kalanda, tana aiko wa mutum abin da ya kamata ya yi kowane mako. Lokacin da ya yi rajista an tambaye shi ƙasar da yake. Darakta ya duba jerin ƙasashe ya zaɓi wata can mai nisa, inda mutumin singileti yake, ya ce su suka fi kowa iya zuma, me zai sa ya zaɓi ƙasar da ake lalube. To mu a lokacin muna tsakiyar watan da ya fi kowane zafi, irin wanda fanka ke hura wuta, ruwan famfo ya fito kamar an dafa. Sai ga saƙo ya shigo masa: sanyi ya ƙarato, a lulluɓe akwati da abu mai kauri, a rage ƙofar shiga, a kawar da duk abin da ke tare rana.

Ni ina aiki a ɗakin wanki na wani ƙaramin asibiti, in fita da safe sai la'asar. Duk abin da ya biyo baya a bayan idona aka yi shi. Ya je wa Tela da awo a takarda.

"Wane jiki ne mai kusurwa huɗu?" in ji Tela.

"Rigar sanyi ce ta zuma."

"A wannan zafin da allura ke ƙona yatsa?"

"Zafinka daban, zafin zuma daban. Lissafi ne na masana, ba a gane shi daga kan keke."

Tela ya ɗinka. Jan yadi, cike da auduga, da zif har ƙasa, har da aljihu a gefe inda za a riƙa sa waya. Da na tuhume shi daga baya cewa ya yi, "Ni tela ne. An taɓa kawo mini rago in auna, ban tambaya ba."

Darakta ya ɗauki hoton rigar ya tura zaure, ya rubuta a ƙasa cewa shiri tun da wuri shi ne bambancin ƙwararre da ɗan koyo. Malama ta amsa cikin minti ɗaya: "Ɗana, kada ka sa wannan. Wace ƙasa ka zaɓa a manhajar?" Ya mayar mata da saƙon murya na minti tara a kan yadda tsofaffi ke tsoron ci gaba. Mutum goma sha ɗaya suka sa baki, wani har da hoton ma'aunin zafi. Ya ce hassada ce, ya kashe ƙarar zauren. Washegari, ina fita, ya hau.

Da la'asar na dawo ta bakin titi. Na jiyo hayaniya can ƙarshen layi, na ɗauka 'yan ƙwallo ne, ban kula ba. Shagon Tela a buɗe, babu kowa, keke da riga a maƙale. Ina taka matakala ta farko takalmina ya kama. Na duba. Zuma ce, siririya, tana gangarowa daga sama, tururuwa na bin ta a layi.

A sama na tarar da akwatin sanye da jar riga, zif har wuya, rana na dukansa. An naɗe tabarmar an jingine. An toshe ƙofar da katako, saura ɗan rami kamar na maɓalli. Na zuge zif, zafi ya bugi fuskata kamar na buɗe tanda. Saƙar ta narke ta zube a kan juna, 'yan kaɗan sun nutse a cikin zumarsu. Sauran babu. Saman benen nan shiru, irin shirun da ɗakinmu ya yi ranar da aka dawo daga maƙabarta. Na zauna a ƙasa cikin danƙon. Ban san iya lokacin da na ɗauka ba.

Matar Darakta ce ta hawo tana haki.

"Yaya, ki zo, zuma ta kama shi."

"Harbinsa suka sake yi?"

"A'a. Zama suka yi a kansa."

Na miƙe. Na yanko guntun saƙa mai 'ya'ya a ciki daga gefen da bai narke ba. A ƙarƙashin matakala akwai ƙaramin akwatin da marigayi ke kama taro da shi, na sa saƙar a ciki. Na ɗauki kofin gilashi a kan tire, muka fita.

Abin da ya faru kafin in iso a bidiyo na gan shi daga baya, don babu wanda bai gani ba. Wajen azahar taron zuma ya sauka a allon shagon Mai aski, wanda ke rataye da wayar ƙarfe biyu a saman ƙofa. Suka dunƙule a jikinsa kamar ƙaton tulu. A ciki akwai wani direban bas da aka aske wa rabin kai, shi da Mai aski suka kasa fitowa sai ta taga. Wata mata mai wucewa ta san taswirar, ta danna. Darakta yana bencin Tela yana bayanin yadda ake lulluɓe zuma, sai wayarsa ta yi wata ƙara da bai taɓa ji ba. Ya karanta da ƙarfi don kowa ya ji: ana neman ƙwararre mafi kusa.

Da ya je ya ga taron, baki har kunne.

"Kun gani? Akwati na biyu ya zo da ƙafarsa. Saura ɗari da casa'in da takwas."

"Ba ka ga sun yi kama da na sama ba?" in ji Tela.

"Na sama suna cikin bargo suna barci."

Ya kunna bidiyo kai tsaye zuwa zauren, ya ba Tela wayar ya ce ya riƙe da kyau, yau Malama za ta ga darasi. Ya aro kwalin sabulu da sandar goge-goge, ya hau kujerar roba. A bidiyon da ya kalla, reshe ake girgizawa sau ɗaya da ƙarfi, taron ya faɗa cikin kwali. Nan babu reshe, sai allo. Ya saita kwali da hagu, ya ɗaga sanda da dama, ya juyo ya yi wa waya murmushi, ya maka. Wayar ƙarfe ɗaya ta tsinke. Allon ya yi lilo ya wuce kwalin, ya juye masa kayan gaba ɗaya a ka.

Ba su harbe shi ba. Zumar da ta baro gida cikinta cike yake, ba faɗa ne a gabanta ba, uwarta take nema. Uwar kuwa tana jikinsa. Waɗanda suka tashi sama ma suka dawo suka sauka.

Da na iso, mutanen layi sun yi da'ira daga nesa, har da na kan katanga. A tsakiya ga mutum a tsaye a kan kujera, hannaye a buɗe kamar mai shanya, daga hula har ƙirji baƙi ƙirin yana motsi. Ido biyu kawai ake gani. Mai aski na gefe da gwangwanin maganin sauro yana girgizawa.

"Minti biyar na bayar," yake cewa. "Tun azahar ban yi aski ba, ga bawan Allah zai fita aiki da rabin kai."

"Ni ku bar ni haka," in ji direban. "Ban taɓa ganin irin wannan ba, kada a katse."

Daga wayar da ke hannun Tela muryar wata dattijuwa ke fitowa, a natse, irin ta wadda ta saba da aji mai yara sittin. "Kada ya motsa. Kada a watsa ruwa. Mai maganin nan, ajiye shi, in ka fesa za su haukace, shi za su fara gamawa da shi. Ina hanya amma da nisa. Babu mai zuma ko ɗaya a kusa?"

"Ga mai shekara ashirin da biyu a kan kujera," in ji Tela.

Na ratsa mutane na tsaya gaban Mai aski. Na miƙa hannu. Ya dube ni, ya ba ni gwangwanin, na miƙa wa matar Darakta.

"Wace ce wannan?" in ji muryar.

"Matar marigayi kafinta ce, Malama."

"Alhamdulillahi. Ku ba ta wuri. Mijinta ya sha faɗa mana a zauren nan, ita ke riga shi ganin sarauniya kullum."

Ban san ya taɓa faɗar haka ba. Ni bai taɓa gaya mini ba, cewa kawai yake yi, busa. Na ja benci na hau, muka yi daidai da Darakta.

"Matar Yaya," ya ce ta tsakanin haƙora. "Komai na tafiya bisa tsari."

"Rufe bakinka kada su shiga."

"Ɗaya tana ƙofar hancina."

"Baƙuwarka ce, ka yi haƙuri da ita."

Marigayi ya ce ba a neman sarauniya da ido a guje. Ka duba inda suka fi kauri, ka duba inda kawunansu suka fuskanta. Na bi kafaɗa, na bi wuya. Na sa yatsa a hankali na buɗa su kamar mai tsefe kai, suna da ɗumi, suna hawa hannuna suna sauka. Ƙafafun kujerar roba sun fara buɗewa, Tela ya sa ƙafa ya tokare ɗaya, bai daina ɗauka ba. Sai a bayan kunnen hagu, ƙarƙashin bakin hula, na ga sun yi zobe. A tsakiyar zoben ga shuɗin ɗigo, a karkace, da ɗan wutsiyarsa.

Na kifa kofin a kanta. Ina bukatar abu mai faɗi in zura a ƙasa, ban zo da komai ba.

"Darakta, kana da katinka?"

"Aljihun gaba," ya ce da ƙyar. "Sabon bugu ne."

Na zaro shi, mai ruwan zinare, da hoton ƙudan zuma sanye da rawanin sarauta. Na zura shi tsakanin kofi da fatarsa, na ɗago ta. Tun zamanin zomo, ranar ce katin Darakta ya fara yin aiki.

Na sake ta a kan saƙar cikin ƙaramin akwati, na rufe, na kara bakin akwatin a ƙirjinsa. Da farko ba abin da ya faru. Can sai 'yan kaɗan suka tsaya a ƙofar, suka ɗaga gindi suna kaɗa fiffike, suna kiran 'yan'uwa. Sai ga su suna gangarowa daga hula, daga gemu, daga kafaɗa, layi-layi kamar an tashi daga kasuwa. Layinmu bai taɓa yin shiru irin na wannan rabin awar ba. Kunne ya fito, hanci ya fito, a ƙarshe ga Darakta gaba ɗayansa, jiƙe sharkaf, ko harbi ɗaya babu.

Ya sauko da taimakon matarsa. Ya gyara hula, ya juya wajen waya.

"To, 'yan zaure, kun ga dabarar. Da jikina na riƙe su har mataimakiyata ta iso. Ba kowa ke iya wannan ba, sai an—"

Ya zauna a kujerar don ya ƙarasa bayani. Ashe guda ɗaya ta rage a kan kujerar. Yadda ya miƙe, direban bas ya ce ko birkinsa bai kai haka kamawa ba. Dariyar da aka riƙe tun azahar ta ɓalle, har ta cikin waya ana jiyo ta mutanen zaure.

"Darakta," in ji Tela yana share hawaye, "na saman fa? A tashe su, ko a bar su su ƙara barci?"

Darakta ya dubi Tela, ya dubi akwatin da ke hannuna, ya dubi danƙon da ke jikin zanena. Na ɗaga murfin kaɗan na nuna masa shuɗin ɗigon. Ya daɗe yana kallo, hannu ɗaya a bayansa.

"Hannun Yaya ne wannan," ya ce a hankali. "Haka yake sa hannu a takardar asibiti."

Ya laluba aljihu ya ciro makullin sama, ya ɗora a kan murfin. Na ɗauka ya gama. Sai da muka kama hanyar gida, yana bina a baya yana ɗingishi, ya ce, "Amma ki shaida, matar Yaya, rantsuwata tana nan. Ban buɗe ba. Rufewa na yi."

Malama ta iso kafin magariba da saƙa huɗu da 'yan zaure suka tara mini. Muka wanke akwatin tare, muka mayar da tabarma, muka cika kwanon ruwa. Da muka gama ta ciro waya ta ce za ta sa ni a taswira.

"Ni ban taɓa kiwo ba, Malama. Karatuna ma bai wuce firamare ba. Hayaƙi kawai nake riƙewa."

"Shekara nawa kina riƙewa?"

"Ashirin da biyu."

"Shi zan rubuta."

Daga ƙasan matakala, inda yake tsaye don zama ya gagara, Darakta ya ɗaga murya ya ce a lura, waɗannan shekarun ya riga ya yi amfani da su. Malama ta ce ta karɓo su, ta mayar wa mai su.

Yanzu kullum kafin in tafi wanki sai na hau, tagar kuma a buɗe take kwana. Kwana tara bayan abin na duba, na tarar ta cika saƙa biyu da ƙwai. Ɗigon ya fara kwarzanewa ta wajen wutsiya. Malama ta ce in sabunta shi, na ce a bar shi tukuna. Rigar sanyin tana rataye a shagon Tela a matsayin samfur, har yau ba a samu mai oda ba.

Makon jiya Darakta ya shigo da sabon kati. Kiwon dodon-koɗi. Ya ce wannan karon ya yi bincike mai zurfi: ba ya harbi, ba ya tashi sama, in kuma ya gudu ana iya cim masa.